Gefen Uwar Maƙera da Kawu Bai Taɓa Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, maƙerin garinmu da ke gabas da Kalfu, ya riga mu isa ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas amma bai zubar ba tukuna. Saƙon ya same ni a Tawa ina cikin aji. Ko da na iso gida an riga an kai shi makwancinsa.

Abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne hauyoyi, jingine a jikin dangar rumfar maƙera. Manoma sun taso daga ƙauyuka da sassafe da kayan gyara, ba su da labari, suka iske ana yi masa wanka. Suka jingine kayansu suka bi gawa, kuma bayan an dawo babu wanda ya ga ya dace ya ɗauki tasa. Na ƙirga su daga baya, talatin da ɗaya ne, ban da sungumi da gatura.

Wani dattijo daga cikinsu ya zauna kusa da ni a wurin gaisuwa, ya ce, “To bana wa ka zagina in na kawo hauya da ruɓaɓɓar ƙota?” Ya yi dariya, sai kuma ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Mahaifiyata ba ta ɗaga murya ba. Da na shiga gaishe ta, abin da ta ce kawai shi ne, “Garin ya kurumce. Tun ina yarinya da bugunshi nike sanin lokacin ɗora tukunya.” Matar kawu ta ɗauko tsohon zanenta ta lulluɓe zugazugi, domin a gidan ba a hura wutar ƙira sai an yi sadakar bakwai. Babban ɗansa kuwa, taubashina, wanda ya shekara ashirin yana aiki a gefensa, yana amsa gaisuwa da baki amma idonsa na kan hauyoyin nan. Kowa ya san abin da yake lissafi: ruwa na tafe, kuma gonakin gari huɗu suna jiran hannunsa.

A rana ta uku wani baƙo ya zo, siriri, da takalmin roba irin na masu dawowa daga Kurmi. Ya yi wa maza ta'aziyya a taƙaice, sannan ya nufi rumfar maƙera ya durƙusa a bakinta, ya zuba wa uwar maƙera ido. Uwar maƙera, ga wanda bai tashi gidan ƙira ba, ita ce dunƙulen ƙarfen da ake dasawa cikin kututture, a ɗora jan ƙarfe a kanta a buga. Mutane suka yi ta tambayar juna ko ɗan wane ne. Ni kaɗai na gane shi a duk taron, kuma saboda shi ne na ɗauki alƙalami.

Zan rubuta abin da na gani da idona a matsayin abin da na gani, abin da aka gaya mini kuma zan faɗi wanda ya gaya mini. Inda bakin mutane ya saɓa, zan bar saɓanin yadda yake.

Babu wanda ya san shekarun kawu daidai. Shi ya ce yana zuga wa mahaifinsa wuta lokacin da aka fara ganin Nasara a Adar. Mahaifiyata ta ce ƙari ne, ta ji daga uwarsu cewa a lokacin ko wando bai fara sawa ba. Ko wanne ya yi gaskiya, ya haura saba'in. Yana cikin na ƙarshe da suka narka tama da hannunsu, wato dutsen ƙarfen da ake haƙowa a tuddanmu, kafin ƙarafan matattun motoci su cika kasuwa. Bai raina ƙarfen mota ba, da shi ya ƙera yawancin hauyoyinsa na baya-bayan nan, amma yakan ce ƙarfe ne wanda bai san sunan uban kowa ba.

Kunnensa na dama ya mutu tun da daɗewa saboda bugu. Duk da haka ban taɓa ganin mai saurare kamarsa ba. Duk abin da ya shigo hannunsa sai ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, “Bari in ji bakinta.” Haka yake yi wa tasa da kwano da ƙararrawar raƙumi. Ranar da na kawo masa takardar shaidar ƙare karatuna, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗalle ta da yatsa a gefen kunnensa mai rai, ya ce, “Ba ta da murya, ɗan lakwal. Amma tunda ka ce ta yi, ta yi.” Lakwal ita ce makarantar boko a bakin mutanenmu. Sannan ya sa aka yanka zakara.

Ba ya karɓar ladan gyara da bazara. Da kaka kowane mai gona yakan aiko masa da damin gero gwargwadon aikin da aka yi masa. Matarsa ta shaida mini cewa akwai gidaje uku na matan da mazansu suka rasu waɗanda damminsu ba ya kwana a rumbunsa: da an sauke sai ya ce geron bai bushe ba, a mayar, kuma bai taɓa aikawa a karɓo ba. Zagi kuwa yana da shi, ban ɓoye ba. Wanda ya bar hauya a rana har ƙota ta tsage zai ji abin da bai ji daga ubansa ba, sannan a gyara masa ita fiye da ta kowa.

Shekara biyar ke nan, da bazara kamar wannan, uwar maƙerar gidanmu ta karye a wuya. Tun daga kakan kakan kawu take, kuma ta daɗe tana ba da alama. Ban ga karyewar ba. Taubashina ya ce kawu ya tattara gutsuren biyu, ya naɗe su a buzu, ya kai ɗakinsa, bai ci abinci ba sai washegari. Ranar Asabar suka kama hanyar Tawa da jaki, su biyu, suka aiko mini makaranta cewa in same su kasuwa ranar Lahadi. A lokacin ina shekarar ƙarshe ta koyon aikin malanta. Kawu ya ce in an rubuta wani abu a jikin ƙarfen Nasara, gara a sami na gida ya karanta.

Ƙarfen Nasarar da yake nufi wata babbar uwar maƙera ce da aka yi gwanjonta daga wani garejin gyaran motoci, ta faɗa hannun wani dillali. Labarinta ya kai har Kalfu. Mutum biyu ba sa ɗaga ta, tana da dogon hanci a gefe guda, an shafe ta da baƙin fenti tana walƙiya. Taubashina ya gan ta ya kasa rufe baki.

“Baba, wagga ita ce ta zamani. Da ita ko garmar shanu muna bugawa.”

“Karanta muna, Mushe,” in ji taubashina, da sunan da ake kiran malaman makaranta da shi a wajenmu, yana zungurina da gwiwar hannu. “Ko lakwal ɗin taku ta ƙirgan wake ce?”

Na karanta haruffan da ke jikinta, sunan maƙeran wata ƙasa ne da nauyinta. Kawu ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa sunan baƙon da ba gidansa zai sauka ba. Ya zaro ɗan icce daga aljihu, ya ciji ƙarshensa da haƙora, ya dafa ɗaya ƙarshen a jikin ƙarfen, sannan ya bi fuskarta da ƙaramar guduma daga hanci zuwa baya. Haka yake ji tun da kunnensa ya mutu: amon yana bi ta iccen ya shiga ƙashin kansa. A wajen hanci tana ƙara kamar ƙararrawa. Da ya zo baya sai amon ya gajarce.

Ya roƙi mai tuyar ƙosai da ke kusa ta ba shi toka. Ya goge wurin da bakin riga, ya barbaɗa tokar, ya ci gaba da bugu a hankali. Muna tsaye muna kallo wani siririn layi baƙi ya fito a cikin farar tokar, mai tsawon ɗan yatsa da rabi. Tsaga ce, mai ya daɗe da shiga cikinta, bugun ya sa ya tsatso.

“An yi mata kwalliya,” in ji kawu, “amma da ciwo anka kawo ta.”

Dillalin ya rantse bai sani ba, kuma ina jin gaskiyarsa ce. Taubashina ya ce tsagar ƙarama ce, za ta kai shekara goma. Kawu ya ce ko da lafiyarta, ta masu ƙira a tsaye ce, mu kuwa a zaune muke ƙira, kuma shi bai yi niyyar koyon tsayuwa da furfura ba.

Don kada cinikin ya tashi gaba ɗaya, dillalin ya nuna mana wani saurayi da ke zaune a bayan rumfarsa da wani abu naɗe a tsohon buhu. Ya ce tun safe yake nan, babu wanda ya taya, sai wani da ya so ya saya da awon tsohon ƙarfe. Saurayin ya kwance buhun ba tare da ya dube mu ba. Uwar maƙera ce irin tamu, baƙa, fuskarta ba ta fi tafin hannu biyu ba, da ƙafa mai tsini wadda ke shiga cikin kututture. Kusa da waccan, kamar ɗan akuya ne a gefen bijimi.

Kawu ya zauna a ƙasa. Wannan ne karo na farko da na ga ya yi bisimilla kafin ya taɓa ƙarfe.

Ya tambayi saurayin daga ina, ya ce daga yankin Bambeye. Ta wa ce? Ta wani tsoho ce da ya rasu bai bar magajin ƙira ba, iyalinsa suka ba shi ya sayar. Kawu ya jawo ta gabansa. Ya ciji iccensa, ya bi fuskarta da guduma, amon ya tashi siriri, dogo, iri ɗaya ko'ina. Ya saki gudumar daga sama da yatsu biyu, ta yi tsalle ta dawo hannunsa. Sannan ya kwantar da ita ya nuna mini wasu layuka a jikinta, kamar ɗinki.

“Ƙirga, ɗan lakwal.”

Na ƙirga bakwai.

“Narki bakwai na tama anka haɗa. Kowane narki, gida guda na maƙera sun yi sati suna hidima. Babu mai yin wagga yanzu, ko ni.”

Ya juya ƙafarta. A wuyanta akwai zobba na tsatsa, wani bisa wani, domin duk lokacin da kututture ya ruɓe aka sake dasa ta, zurfin ba ya zama ɗaya, sai bakin iccen ya bar nasa tabo. Ya ƙirga biyar da farce. Ya ce kututturen kirya mai kyau yakan kai shekara ashirin a ƙasa kafin gara da damshi su gama da shi. Lissafinsa ne, ban da hanyar tabbatar da shi, amma in haka ne ta kai shekara ɗari, ta girmi zuwan Nasara nesa ba kusa ba.

Daga nan ya shafa fuskarta da tafin hannu, ido rufe. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. A gefen hagu akwai lotsawa mai santsi, inda bugu ya daɗe yana sauka. Gefen dama kusan yadda aka ƙera shi yake. Ya kuma nuna mini ɓangaren da hayaƙi ya fi dafawa, wanda ke fuskantar wuta, don in gane yadda take zaune a gidansu.

“Masu ita bahagwai ne,” in ji shi. “Ba mutum guda ba. Hannu guda ba ya cin ƙarfe hakanga.”

A nan ne haƙurin taubashina ya ƙare. Ya ce an bar giwar ƙarfe an zauna shafa tsohuwar da aka lotsa ta gefen da ba nasu ba, kuma in haka za a yi, shi ya tafi ba jaki ruwa. Ya tafi da fushi. Na tsaya a kan wannan domin yana da muhimmanci: duk abin da ya biyo baya, ba ya wurin. Dillalin ma ya juya wajen wani ciniki.

Kawu ya miƙa wa saurayin gudumar. “Buga mini ita, in ji daga nesa.”

Saurayin ya karɓa da hannun hagu, ya buga, gudumar ta sauka tsakiyar lotsawar kamar an auna. Sai ya ankara da abin da ya yi. Ya ajiye ta a hankali.

“Buɗe hannun dama,” in ji kawu. Ya buɗe. Bayan hannun duk tabon tartsatsi ne, irin na mai riƙe awartaki kusa da wuta. “Tsohon da bai bar magaji ba, ko? To kai mi kake?”

Saurayin ya sunkuyar da kai. Ya ce ta mahaifinsa ce, ya rasu da rani. Ƙarfen kasuwa ya karya aikin, an bar masa uwa da ƙanne da lanho, wato haraji, ga abokansa duk sun tafi Kurmi. Kuɗin motar da zai bi su yake nema. Ya ce a garinsu an ɗauka ya kai ta ajiya wajen dangin uwarsa.

Kawu ya yi masa faɗa irin wanda ya saba, har mai ƙosai ta waiwayo. Ya ce gidan da ke da ɗa mai hannu ba ya sayar da uwar maƙera, wanda kuma ya saya yana sane ya fi mai sayarwa laifi. Ya ce da awon tsohon ƙarfe za a sayi kakanni uku a sare su a yi ƙusa. Saurayin kuwa hawaye kawai yake yi. Da faɗan ya ƙare, kawu ya sake duban uwar maƙerar. Yana bukatar ta, kuma babu wata a kasuwar. Sai ya kwance lalitarsa ya juye abin da ya zo da shi duka a kan buhun.

Ga maganar da ya yi, kuma na sha maimaita ta a raina don kada in ƙara ko in rage:

“Ban saya ba, ba ka saida ba. Ka ce ajiya ka kai ta, to ajiya ce, ba ka yi ƙarya ba. Zan yi aiki bisa gefen da ubanninka ba su taɓa ba. Ran da ka komo, in kana da abin da ka amsa ka kawo. In ba ka da shi, kawo hannunka.”

Na ce bari in rubuta, a sa hannu. Kawu ya hana. Ya ce takarda tana yawo, in ta kai Bambeye, gidan yaron nan ya gama jin kunya har jikoki. Ya dube ni ya ce, “Kai ne takardar. Ka rufe bakinka sai ya zo, ko na tahi.”

Da aka koma gida aka sare sabon kututture, rigima ta sake tashi, wannan karo a gabana, domin na biyo su hutu. Taubashina ya ce a juya ta, lotsawar ta faɗo ƙarƙashin hannunsu na dama, tunda nan ne wurin da ya fi santsi da daɗin aiki. Magana ce ta hankali, kowane maƙeri haka zai yi. Kawu ya ce yadda ta zauna a gidansu haka za ta zauna a nan.

“Gidan su wa? Ba mun saya ba?”

“Wancan gefen ba namu ba ne.”

“Baba, ƙarfe guda na!”

“Na ji. Riƙe mini nan.”

Sun yi kwana uku ba sa magana sai ta aiki. Daga baya taubashina ya ɗauki abin a matsayin ɗaya daga cikin halayen tsufa, yakan ma yi wasa da shi. In na zo hutu yakan ce, “Mushe, gaida maƙwabtanmu na hagu, yau ma ba su hito aiki ba.” Shekara biyar uba da ɗa suna matsuwa a kan rabin fuskar da ba ta fi tafin hannu ba. Kowace Juma'a da safe, kafin ya tafi wanka, kawu yakan lakato man shanu ya shafe gefen hagu don kada ya yi tsatsa. Gefen dama ya yi fari da aiki, har ya fara tasa lotsawar. Na hagu yana nan baƙi wuluk, yana sheƙi.

Wannan saurayin shi ne baƙon da ya durƙusa a bakin rumfa a rana ta uku. Da la'asar na same shi a bayan masallaci. Ya ce wata biyu ke nan da dawowarsa. Kurmi ba ta karɓe shi ba: dako ya yi, ya yi ciwo, abin da ya tara ya tafi a magani. Kunya ta hana shi zuwa hannu wofi, yana ta cewa sai ya samu, har ya ji rasuwar a tashar Tawa.

“Mushe, ban zo neman komi ba. Gaisuwa ta kawo ni. Gobe ni koma.”

Na roƙe shi ya tsaya zuwa bakwai. Kwanakin nan huɗu ban sami natsuwa ba. Idan na yi shiru, uwar maƙera za ta shiga gado, ta zama ta taubashina, kuma babu mai zargin kowa. Idan na yi magana, zan cire wa ɗan'uwana abin da yake ci da shi a daidai lokacin da hauyoyi talatin da ɗaya ke jiran sa, ba shi kuma da wata. Amma kawu ya ce “ko na tahi”, kuma ya tafi.

Bayan addu'ar bakwai liman ya zauna da magada don a san abin da mamaci ya bari, saboda aikin gona ba zai jira arba'in ba. Aka ambaci gona da rumbu da jaki da awaki. Da aka zo kan kayan ƙira, na nemi izini na faɗi abin da na sani, kamar yadda na rubuta shi a sama. Na kira baƙon ya matso.

Taubashina ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

“Shekara biyar kana cin tuwon gidanga da magana ga bakinka?”

“An ce in rufe.”

“Ina takarda? Kai da ko kashin akuya sai ka rubuta?”

“Ya hana a rubuta.”

Liman ya ce gaskiya ita ce shaida ɗaya ba ya fitar da abu daga hannun magada, kuma abin da ke hannun mamaci nasa ne sai an tabbatar da akasin haka. Sai dai in magada da kansu sun amsa. Ƙannen taubashina suka ce maganar tana wajen babbansu, shi ke aiki da ita. Baƙon ya ce shi bai yi da'awar komai ba, a bar shi ya tafi. Mahaifiyata daga bayan zana ta ce, “Ɗana bai iya wasa ba balle ƙarya,” wasu suka yi dariya, taubashina bai yi ba.

Ya tashi ya nufi rumfa, muka bi shi. Ya yaye zanen da ke kan zugazugi, ya zuba gawayi, ya hura wutar da ta kwana bakwai a mace. Ya ɗauko hauya ta farko a jikin danga, ya cire ƙotar, ya cusa ƙarfen a wuta. Ya zauna yana zuga, idonsa a kan baƙin gefen nan da ya ga ubansa yana shafawa Juma'a bayan Juma'a. Da ƙarfen ya yi ja, ya tura awartaki da masaba, wato gudumar ƙira, gaban baƙon.

“In kai ne maƙwabcin namu, zauna.”

Baƙon ya cire takalmi ya zauna. Ya kama awartaki da dama, masaba da hagu. Bugun farko ya kauce, hannun ya daɗe rabonsa da aiki. Na biyu ya sauka cikin lotsawar, man shanun shekara biyar ya yi hayaƙi, ƙamshinsa ya cika rumfar. Daga na uku amon ya daidaita, siriri, dogo, har mata suka fito bakin ƙofa. Ya fitar da bakin hauyar a zama ɗaya, ya tsoma ta a ruwa, ya ajiye, ya kifa kansa a kan gwiwa.

Taubashina ya ɗauki hauyar, ya ɗalle ta da farce a gefen kunnensa. Ban sani ba ko ya lura da wanda ya kwaikwaya. Ya juya wajen liman.

“Malam, kada a sa ta cikin gado. Ba tamu ba ce.” Sannan ya dubi baƙon. “Mi Baba ya ce ka kawo in ba ka da kuɗi?”

“Hannuna.”

“To ga talatin nan jingine. Kai hagu, ni dama, har a yi girbi. Bayan kaka ni da kaina zan kai maka ita Bambeye bisa jakinmu, in ce ajiya ce munka maido.”

Na tambaye shi daga baya a kan me zai yi aiki in ta tafi. Ya ce gutsuren nan biyu suna nan naɗe a buzu a ɗakin kawu, kuma haɗa wuyan uwar maƙera aikin maƙera biyu ne masu ƙarfi, ɗaya na bugu ta nan ɗaya ta can. Shi da tsoho ba su iya ba. “Yanzu ko ga bahago Allah ya kawo,” in ji shi. “Kai dai je ka rubuta, Mushe, tunda abin da ka iya ke nan. Kuma ka rubuta daidai.”

Na yi iyakar ƙoƙarina. Ruwan fari ya sauka kwana tara bayan haka, kuma babu hauya ko ɗaya da ta rage a jikin danga. Mahaifiyata ta ce ta koma sanin lokacin ɗora tukunya, sai dai yanzu bugu biyu take ji.

Allah Ya jiƙan kawu, Ya yafe masa zafin bakinsa saboda sanyin hannunsa, Ya karɓi ajiyarsa kamar yadda ya riƙe ta wani. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu san gefen da ba namu ba. Amin.